Ƙananan boa na tsibirai

Boa maciji ne marar dafi na nahiyar Amurka, mai kashe abin da ya kama ta hanyar nannaɗe shi, kamar yadda mesa take yi, sai dai shi haihuwa yake yi, ba ya saka ƙwai. Na Kudancin Amurka kan kai mita 3, amma na wasu tsibiran Amurka ta Tsakiya, irin su Cayos Cochinos a Honduras da Caye Caulker a Belize, da wuya su wuce mita 2, namiji kuwa bai kai mace ba. Saboda haka ne masu kiwon macizai a gida suke rububinsu, har kamun da aka yi musu a shekarun 1980 ya kusa ƙarar da na Cayos Cochinos.

Akwai masu cewa yunwar tsibiri ce kawai ta tsumburar da su, da sun samu ɓeraye a wadace za su miƙe. Maganar ba ta rasa tushe ba, domin wanda ake ɗura wa abinci yakan yi ƙiba, ya ɗan ƙara tsawo. Amma 'ya'yan da aka haifa a hannun makiyaya, ba su taɓa sanin yunwa ba, su ma ba sa kamo na babban yanki, alamar abin a jini yake. Inda lissafi yake rushewa shi ne idan an haɗa jinsin da babban boa, don jariran haɗin da na tsibiri zalla kusan kamarsu ɗaya, mai saye ba zai gane ba sai bayan shekaru. Ƙanƙantar kuma ba ta rage tsawon rai: boa na gida yakan yi shekara 20 zuwa 30, kullum yana bukatar akwati mai ɗumi da laima.