Tsohon cocin Wusasa: ginin ƙasa da mutanen da suka cika shi

Wannan makon za mu leƙa Wusasa, a gefen birnin Zariya, inda wani coci yake tsaye wanda baƙo zai iya ɗauka zauren sarki ne. Sunansa St. Bartholomew, an kuma gina shi da ƙasa a 1929.

Labarin ya faro tun 1900, lokacin da ayarin 'yan mishan na CMS ƙarƙashin Bishop Tugwell ya isa Kano, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ɓata lokaci ba. Cikinsu akwai wani likita, Walter Miller, wanda daga baya ya zauna a cikin birnin Zariya, ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani. Zaman bai yi wa fada daɗi ba, haka ma Turawan mulki, waɗanda ba sa son abin da zai ɓata tsakaninsu da sarakuna. A ƙarshe aka fitar da mishan ɗin bayan ganuwa, zuwa gindin dutsen Wusasa.

Su wa suka cika cocin? Nan ne labarin ya fi jan hankalina. Da yawansu zuriyar Isawa ne, wato mabiyan wani Malam Ibrahim na Kano, wanda a ƙarni na 19 ya fifita matsayin Annabi Isa a karatunsa har ya saɓa da malaman gari, aka kashe shi. Almajiransa suka watse, wasu suka nufi Ningi. Ba Kiristoci ba ne a lokacin. Sai wajen 1913 wasu daga cikinsu suka nemi Miller, aka kafa musu zango a Gimi, cutar barci kuma ta yi wa zangon mummunar ɓarna. Waɗanda suka tsira, musamman yara, su ne suka zama ƙashin bayan jama'ar Wusasa.

To, sai ginin. Ba a ɗauko fasalin Ingila an dasa ba. Magina Hausawa ne suka yi aikin da tubali da azara, kamar yadda suka gada. Matsalar maginin ƙasa a kullum ita ce faɗin ɗaki: azarar giginya ba ta da tsawon da za ta haye babban zaure ita kaɗai, ga nauyin ƙasar rufi a kanta. Maganin shi ne bakan gizo. Ana dasa azara a jikin bango, a ɗaura wata a kanta ta ɗan zarce, a ƙara wata, daga ɓangarorin biyu, har su haɗu a sama, sannan a lulluɓe da ƙasa. Duk wanda ya taɓa ɗaga kai a zaurukan fadar Daura ya san abin da nake nufi. Da wannan dabarar Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya kusan shekara 90 kafin nan, ita ce kuma ta ɗauki rufin cocin Wusasa. Bango mai kauri yana riƙe sanyi da rana. Sai dai ginin ƙasa ba ya yafe sakaci: in aka bar yaɓe ya zube, ko indararo ya toshe, damina biyu ta isa ta fara cin bango.

A ganina marubutanmu sun yi wa wannan unguwa rowar alƙalami. Daga cikinta Dokta R.A.B. Dikko ya fito, likitan zamani na farko ɗan Arewa, wanda aka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa da shi. A nan Janar Yakubu Gowon ya tashi, mahaifinsa mai wa'azin mishan ne. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966, jinin Isawa ne. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, wanda Miller ya yi shekaru a kansa tare da mataimaka Hausawa, masu ibada a ƙarƙashin waɗannan bakunan gizo suna cikin waɗanda suka fara karanta shi a bainar jama'a.

Mu kuma masu rubutun zube, namu rabon shi ne John Tafida, mutumin Wusasa, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafai biyar na farko da aka buga bayan gasar 1933, tare da Ruwan Bagaja da Shehu Umar da Ganɗoki da Idon Matambayi.