Daga Ƙwarya Zuwa Leda: Tarihin Cefanenmu a Fataskum

Masu iya magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To, yau dai za mu tuna baran, domin akwai abin da muka yar a hanya wanda ya kamata mu koma mu ɗauko.

Kasuwa ce ta kawo yawancin iyayenmu da kakanninmu garin nan. Sun taso daga Kano da Haɗeja da Katagum da sauran garuruwa, suka tarar da Ngizimawa da Karekare da Bolewa, aka karɓe su hannu bibbiyu. Tun da fadar Sarkin Fika ta dawo Fataskum a 1924, ga kuma hanyar motar Kano zuwa Maiduguri ta ratsa ta cikinsa, sai garin ya yi ta bunƙasa. Kasuwar shanu ta ranar Laraba ta yi suna har ƙasashen maƙwabta, kasuwar hatsi ma haka.

A wancan zamani, magidanci ba ya jiran gari ya waye kafin ya nemi abin da za a ɗora. Da kaka ta yi, sai ya sayi gero da dawa da wake buhu-buhu, a zuba a rumbu ko a jera a ɗaki bisa katako. Wanda ƙarfinsa bai kai buhu ba, sai ya je wurin masu awo da masakinsa ko kwandonsa. Buhu guda kwano arba'in ne a lissafin 'yan hatsi, mai awo kuma ya cika mudu ya yi tozo, sannan ya ɗora maka gyara. Tauye mudu abin kunya ne, balle ga kashedin da Alƙur'ani ya yi a kansa. Ko da gwamnati ta kawo naira a 1973, aka kuma shigo da awon kilo da lita, mudu bai gusa daga kasuwa ba, har gobe da shi muke ciniki.

Kowane kaya da mazubinsa. Nono a ƙwarya, a rufe da faifai, 'yar Fulani ta auna maka da ludayi. Man gyaɗa a kwalba, kwalbar kuwa guda ce tak, ita za a wanke a sake aiken yaro da ita wata da watanni. Kananzir ma da tasa kwalbar daban, da igiya a wuya don kada a haɗa. Garwar kananzir idan ta ƙare ba a yar da ita, ita ce ta ɗan ga-ruwa. Gwangwanin madara ya zama ma'aunin gishiri da barkono. Tsire da balangu a takardar siminti. Kanwar da ake kawowa daga gabas, a ƙulle ta a tsumma. Ƙwarya ta fashe, a kai wa mai ɗinki. In ta ƙi ɗinkuwa, a yi sakaina da ita. Abin da ya rage a juji kuwa, toka ce da shara, su ma jaki ya kwashe zuwa gona su zama taki.

To, ina aka kwana? Ba za mu ce lalaci kaɗai ya kawo leda ba, a faɗi gaskiya komai ɗacinta. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, mai sayen buhu ya koma mudu, mai mudu ya koma rabi. 'Yan tireda suka shiga ƙulla sukari da omo da mai a leda, na sisi na kwabo, daidai aljihun talaka. Kamfanoni ma suka gane, a 1993 madarar Cowbell ta shigo kasuwar Nijeriya a 'yan ƙananan ledoji. A waɗannan shekaru ne kuma fiya wata ya ture randa da moɗa daga bakin hanya. Ga shi an ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991, gari ya ƙara cika, kowa na sauri. Leda ba nauyi, kyauta ake ba da ita, wa zai tsaya ɗaukar kwando?

Amma fa mun biya kuɗinta ta wata hanya. Je ka mahauta ka tambayi masu fawa abin da suke cirowa daga tumbin saniya ko tunkiya. Dabba ta ci leda, ta yi ta ramewa, mai ita na ta sayen dusa a banza. A garin da arzikinsa shanu ne, ai wannan ba ƙaramar asara ba ce. Lambatu ya toshe, damina ta zo ruwa ya shiga gidaje, sauro ya samu wurin zama. Takin jujin da manomi ke so, yanzu rabinsa leda ce. Ƙullin nan kuma da muke gani da araha, tara na wata guda ka lissafa, wallahi ya fi sari tsada nesa ba kusa ba.

Wasu ƙasashe sun farga. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017, Jihar Legas ta hana robar zuba abinci ta soso a 2024. A Ingila da Jamus har kantuna aka buɗe inda mutum ke zuwa da kwalbarsa a auna masa shinkafa ko mai, suna ganin sabon abu ne. Mu kuwa da shi muka tashi.

Saboda haka muke kira ga 'yan ƙungiya. Gida biyar ko goma su yi adashi, da kaka su sayi buhu, a raba da mudu a gaban kowa. Uwargida ta ba ɗan aike kwando da kwano mai murfi. Sai dai a kula, galan ɗin da ya taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi kada ya kusanci man girki, kuma a wanke kwalba ta bushe kafin a sake zuba mai. Mu da muka zo cin arziki muka zama 'yan gari, bai dace a ce sharar shagunanmu ce ke kashe dabbobin waɗanda suka sauke mu ba.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a mudunmu, ya zaunar da Fataskum lafiya. Amin.