Lambun cikin gida a Birnin Gwari: Tsirran miya, magani da ado da suka dace da ƙasar Kamuku

A da, mai neman ganyen miya, saiwa ko sassaƙe a ƙasar Birnin Gwari ba ya yin tafiya mai nisa. Daji yana bayan gari. Mata kan dawo daga gona da ƙunshin tafasa da rama, masu maganin gargajiya kuma sun san gindin da za su nufa idan ana buƙatar maɗaci ko sanya. Rikicin 'yan bindiga ne ya datse wannan hanya. Tsawon shekaru shiga daji ya zama sayar da rai, manoma da yawa suka bar gonakin nesa, wasu kuwa sai sun biya haraji kafin a bar su su yi shuka ko girbi.

Sulhun da gwamnatin Uba Sani ta ƙulla a watan Nuwamban 2024 ya sa an sake buɗe kasuwar shanu ta garin, zirga-zirga kuma ta ƙaru a hanyar Kaduna. Duk da haka, abin da shekarun suka tona yana nan: gidan da miyarsa da maganinsa suka rataya a kan daji, ranar da aka rufe daji sai ya koma saye. Wani ɓangare na abin da daji ke bayarwa ana iya mayar da shi tsakar gida, amma ba kowane tsiro ne ke yarda ba, kuma ba kowane ne ya kamata a kawo kusa da yara ba.

Ƙasa da yanayi

Gandun dajin Kamuku, wanda ya samo suna daga ƙabilar Kamukawa, yana da faɗin murabba'in kilomita kimanin 1,120. An keɓe shi tun 1936 a ƙarƙashin hukumar En'e, aka ɗaga shi zuwa gandun daji na ƙasa a 1999. Kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. Itatuwan da suka fi yawa a cikinsa, irin su doka, baushe, taura, maje, ƙirya da ɗorawa, su ne shaidar irin yanayin yankin: ruwan sama na haura milimita 1,000 a shekara, fiye da na Katsina da Sakkwato sosai, sannan rani ya biyo baya da wata biyar ko fiye babu ko yayyafi.

Saboda haka mai lambu a nan yana da abokan gaba biyu. A watan Agusta ruwa ke yin yawa har saiwa ta ruɓe, musamman a jar ƙasa mai riƙe ruwa. Daga Disamba kuma hunturu ya busar da ganye, bazara ta ƙarasa abin da ya rage. Shawarar da aka ɗauko daga Legas ko daga Maraɗi ba ta cika dacewa da nan ba sai an yi mata gyara.

Ganyen miya da na shayi

Zogale ne ya kamata a fara da shi. Asalinsa daga Indiya yake, amma ya daɗe da zama ɗan gida. Yana fitowa daga iri cikin mako ɗaya zuwa biyu, yana kuma kamawa idan an kafa reshe. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin sa ya miƙe sama har hannu ya kasa kai wa ga ganyen. Idan aka datse kansa tun yana daidai ƙirjin mutum, sai ya yi rassa ya ba da ganye mai yawa. Ba ya son kwanciyar ruwa. Ganyen da za a adana don kwaɗo ko dambu a inuwa ake shanya shi, domin rana na rage masa amfani.

Alayyahu, yakuwa, lalo da rama duk suna yi a cikin buhu ko tsohuwar roba. Alayyahu na isa yanka cikin wata guda ko kaɗan fiye da haka, kuma idan ba a tumɓuke shi ba yakan sake tohowa. Shuwaka daga reshe ake dasa ta, tana jure fari, gindi biyu sun ishi gida.

Ɗoɗɗoya na son rana, kuma a riƙa tsinke furenta don kada ta tsufa da wuri. Na'ana'a akasin haka take: tana son laima da 'yar inuwa a bazara, saiwarta kuma na yaɗuwa ta mamaye maƙwabta, don haka tukunyarta daban ake ba ta. Ciyawar shayi mai ƙamshin lemun tsami ba ta da wahala, ana raba gindi ɗaya ya zama biyar. Ana yawan cewa ita da ɗoɗɗoya suna korar sauro. Man da ake tatsa daga irin waɗannan tsirrai yana korar sauro na ɗan lokaci, amma tsiron da ke tsaye a tukunya ba ya tsare mai barci. Gidan sauro bai da magaji a nan.

Citta da kurkur na buƙatar inuwa-inuwa da ƙasa mai taushi, a dasa su a farkon damina a haƙa bayan wata takwas zuwa tara. Tun da cutar ruɓewa ta yi wa manoman citta na Kachiya da Jaba mummunar ɓarna a 2023, ya zama wajibi a duba irin da kyau: duk wanda ya yi laushi ko wari a yar da shi.

Tazargade da iyakar maganin gida

Tazargade ya yi tashe a Arewa lokacin annobar korona a 2020, shekarar da Madagaska ta fito da wani tsimi daga dangin wannan tsiro. Daga wani jinsinsa, Artemisia annua, aka samo sinadarin da ke cikin magungunan zazzaɓin cizon sauro na yau, aikin da ya sa Tu Youyou ta ƙasar Sin ta samu kyautar Nobel a 2015. Wannan gaskiya ce, amma ba ta nufin shayin ganyen ya zama magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan shan jiƙonsa don maganin zazzaɓin, saboda ƙarfin sinadarin a ganye ba shi da ma'auni. Wanda ya sha kaɗan bai warke ba, ya kuma koya wa ƙwayar cutar jure magani.

Wannan iyaka ta shafi sauran. Ruwan cikin ganyen alobera na sanyaya ƙaramar ƙuna, amma ruwan ɗorawa mai ɗaci da ke ƙarƙashin fatarsa yana sa zawo, kuma bai dace da mai juna biyu ba. A garin da asibiti ke da nisa, jarabar mayar da lambu kantin magani tana da ƙarfi. Yaron da jikinsa ya yi zafi gwaji yake buƙata, ba jiƙo ba.

Furannin ado: baƙi da 'yan gida

Mafi yawan furannin da ake sayarwa a bakin titunan Kaduna baƙi ne. Buganbiliya, mai ƙaya da ke hawa katanga, daga Kudancin Amurka ta fito, kuma tana daga cikin 'yan kaɗan da suka fi yin fure idan aka rage musu ruwa. Akwai ɗan ƙaramin furen nan fari ko ruwan hoda mai kunnuwa biyar, Catharanthus roseus, da ke tsirowa ko a tsagar siminti. Ɗan Madagaska ne, kuma daga gare shi aka samo magunguna biyu na cutar daji da ake amfani da su har yau, ciki har da ta yara. Ba a cin sa.

Abin mamaki shi ne yadda ake tsallake furannin da ƙasar ta haifa da kanta. Minjirya na zubar da ganye a rani ta fito da jan fure, tana kamawa daga reshe, kuma an daɗe ana yin shinge da ita. Sansami na yin fure ruwan hoda a tsakiyar rani, marga ta saki nata rawaya reto-reto gab da faɗuwar damina, gauɗe kuma na da farin fure mai ƙamshi. Rawaya, wadda daga gare ta launin ya samo suna a Hausa, kan fito da furenta a ƙasa dab bayan wutar daji ta wuce. Duk waɗannan ba su buƙatar ban-ruwa idan sun kafu, domin sun san ranin nan. Sai dai yawancinsu itatuwa ne, sun fi dacewa da babban gida, harabar makaranta ko ta masallaci.

Ga ƙaramin gida, lalle ya fi komai riba: shinge ne, furensa na da ƙamshi, ganyensa na ƙunshi, kuma ba ya ƙona fata kamar baƙin lallen kanti da ake gauraya shi da rinin gashi. Darbejiya kuwa, duk da inuwarta, kada a dasa ta kusa da gini ko masai, saiwarta na tsaga bango.

Waɗanda ke da guba

Kyan fure ba shaidar lafiya ba ne. Kariya, mai kumburarren gindi da fure ruwan hoda, wadda masu lambu a Tailan suka mayar hajar duniya, ruwanta guba ne da aka yi amfani da shi a dafin kibiya da kisan kifi. Gatarin kurege, mai fure ja da rawaya kamar harshen wuta, saiwarsa na kisa. Thevetia, itacen shingen nan mai siraran ganye da fure rawaya kamar ƙararrawa, ƙwararsa na dagula bugun zuciya. 'Ya'yan bini-da-zugu na da ɗanɗano kamar gyaɗa, shi ya sa yara ke cin su su kamu da amai da gudawa. Zurma ma haka, tata gubar ta fi tsanani. Zaƙami, wanda ba a banza ake kiran sa haukata-yaro ba, yana da farin fure mai ban sha'awa, amma ba shi da gurbi a gidan da ke da matasa ko ƙananan yara.

Idan yaro ya ci ɗaya daga cikin waɗannan, a garzaya da shi asibiti tare da reshen tsiron, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara.

Ƙasa, ruwa da haɗarin da ba a gani

Haɗin da ya fi dacewa da buhu ko tukunya shi ne ƙasa mai kyau kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, yashi kashi ɗaya, tare da huda gindin mazubin. Ɗanyen kashin kaji na ƙona saiwa. Toka da jiƙon ganyen darbejiya na rage ƙwari. Bai kamata a fesa wa ganyen ci Sniper ba. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da shi. Ruwan alwala da na wanke shinkafa sun isa ban-ruwa, amma ruwan wanki mai omo yana kashe ƙasa a hankali.

Inda aka ɗebo ƙasar ya fi komai muhimmanci a yankin da ake haƙar zinari. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum na Zamfara, saboda ana niƙa duwatsun ma'adini a cikin gidaje. A 2015 irin haka ta faru a Shikira da ke Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari, inda aƙalla yara 28 suka rasu. Dalma ba ta ruɓewa, ba ta da wari, tana zama a ƙasa shekara da shekaru, ƙurarta na manne wa ganye. Duk wurin da aka taɓa niƙa ko wanke dutsen zinari, ko fasa tsofaffin batura, ƙasarsa ba ta lambu ba ce.

Sai sauro. Tsofaffin tayoyi, gwangwanaye da faranten da ake sa wa a ƙarƙashin tukunya duk matattara ce. A 2020 an gano wani sauron zazzaɓi ɗan Asiya, Anopheles stephensi, a Jihar Gombe, wanda ya bambanta da na gida wajen son ruwan da aka tara a mazubi. A rufe randa da durom, a zubar da ruwan da ya kwanta aƙalla sau ɗaya a mako.

Lambu a bakin 'yan siyasa

Kiran a yi noma a bayan gida ba sabo ba ne. Gwamnatin Obasanjo ta yi shi a shirinta na ciyar da ƙasa a 1976. Bayan Shugaba Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci kan abinci a Yulin 2023, hauhawar farashin abinci kuma ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, uwargidansa ta jagoranci gasar lambu a kowane gida. Lambu na rage kuɗin cefane, babu musu. Amma Birnin Gwari ƙasar masara ce, kuma buhu goma na alayyahu ba su maye gurbin gonar da mai ita ke tsoron zuwa. Lambu aikin magidanci ne. Tsaron hanyar gona aikin hukuma ne, ɗaya ba ya sauke wa ɗaya nauyi.

Samun iri

Dokar gandayen daji na ƙasa ta 1999 ta haramta cire tsiro daga cikin Kamuku ba da izini ba. Ko a wajen gandun, haƙar saiwa ce ke ƙarar da irin su sanya, wadda ake wa laƙabi da uwar magunguna, domin itacen da aka tone ba ya dawowa. Tsintar iri daga itatuwan gona da yankan reshe daga shingen maƙwabta ba sa kashe uwa. Ƙwayar marga da ta ɗorawa na da tauri, sai an jiƙa su kwana ɗaya ko an ɗan kankare bayansu kafin su tsiro. A rene su a leda tun cikin Maris ko Afrilu, a mayar ƙasa a Yuni lokacin da ruwa ya zauna, a kuma kewaye su da ƙaya ko tsohon kwando har su fi ƙarfin bakin akuya.