Daga Kotso Zuwa Fiyano: Taƙaitaccen Tarihin Kiɗan Na'ura A Ƙasar Hausa

Kwanakin baya an gayyace ni walimar aure a unguwar Gesse cikin Birnin Kebbi. Da la'asar sakaliya sai kiɗa ya kaure, ga kalangu, ga sarewa, ga muryoyin 'yan amshi. Wani dattijo da ke kusa da ni ya yi ta waige-waige, can ya ce mini, "Malam, wai ina makaɗan suke ne?" Na nuna masa wani yaro zaune a bakin rumfa da 'yar kwamfuta a kan cinya. Dattijon ya girgiza kai, bai ƙara cewa uffan ba. Tambayarsa ce ta sa na ɗauki alƙalami domin mu bi sawun wannan kiɗa, mu ga inda ya faro da abin da ya jawo wa masu tsara waƙa.

Aro Ba Baƙon Abu Ba Ne

Da farko ya kamata mai karatu ya san cewa Bahaushe ya daɗe yana aron kayan kiɗa yana mai da su nasa. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) aka fara busa kakaki a fadarsa. Algaita kuwa sunanta ma ya isa shaida cewa daga wajen Larabawan Magrib ta ƙetaro Sahara, haka nan bandirin da 'yan Ƙadiriyya ke bugawa. A fagen rubutacciyar waƙa ma, malaman jihadi irin su Malam Abdullahin Gwandu da ma'aunin Larabci suka yi ta auna baitocinsu. Yau wa zai ce kakaki baƙo ne a ƙofar Sarkin Kabin Argungu?

Sai dai a duk wannan aro akwai ƙa'ida guda da ba a taɓa karyawa ba, watau magana ce ke gaba, kiɗa yana biye. Kotson Narambaɗa da na Musa Ɗanƙwairo, da taushin Salihu Jankiɗi, da kalangun Shata, duk furucin ubangidansu suke bi. Haka abin yake ga Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri da Gambu na Fagada. In mawaƙi ya ja, makaɗi ya jira shi. In ya sauka, 'yan amshi su karɓa.

Mamman Sani Da Molon Bature

Kiɗan na'ura a wannan yanki namu ya fara fitowa fili ne a maƙwabciyarmu Nijar. Wani ma'aikaci mai suna Mamman Sani Abdullahi, a lokacin da yake aiki da hukumar UNESCO, ya sayi wani fiyano mai aiki da lantarki ƙirar Italiya, samfurin Orla, daga hannun wani abokin aikinsa ɗan ƙasar Ruwanda. Da ya dawo Yamai sai ya shiga zuba masa karin waƙoƙin Fulani da na Buzaye da sauran kaɗe-kaɗen ƙauye. A 1978 ya ɗauki kiɗansa a gidan rediyon ƙasar, aka buga kaset 'yan kaɗan. Shekara da shekaru rediyo da talabijin na Nijar suna sa wannan kiɗa tsakanin shiri da shiri, har jama'a suka haddace shi. Sai a 2013 wani kamfanin Amurka mai suna Sahel Sounds ya sake fitar da shi a faifai, sa'annan duniya ta san sunansa.

Indiya Ta Shigo Ta Ƙofar Silima

A Nijeriya kuwa hanyar daban ce. Tun wajen shekarun 1960 gidajen silima na Kwarori a Kano da Sakkwato da Zariya suke nuna finafinan Indiya, har karin waƙoƙinsu ya zauna a kunnen samari da 'yan mata. Abdu Yaron Goge ya riƙa juya su da gogensa, masu bege a Kano irin su ƙungiyar Ushaƙu Indiya suka riƙa ɗora yabon Annabi (SAW) a kansu da bandiri.

Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, sai aka buɗe wata sabuwar kasuwa mai bukatar kiɗa mai araha. Tara makaɗa goma a ciyar da su a sallame su ba ƙaramin kuɗi ba ne, alhali fiyano ƙirar Yamaha samfurin PSR yana ɗauke da muryoyi masu kama da sarewa da goge da ganguna, mutum ɗaya ya ishe shi. Ɗakunan ɗaukar sauti irin na Iyan-Tama suka rungumi wannan hanya. Fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda ya fito a 1999, shi ya tabbatar wa 'yan kasuwa cewa waƙa ce ke sayar da kaset. A shekarar ce kuma Allah ya yi wa Mamman Shata rasuwa. Daga nan aka sami abin da ake kira kiɗan fiyano ko nanaye, wanda ya haɗa karin Indiya da tafin gaɗa da injin Japan a tukunya guda.

Sakkwato Da Agadas

Bayan fiyano sai kwamfuta ta shigo, tare da wata manhaja mai suna Auto-Tune da aka ƙirƙiro a Amurka a 1997, wadda ke miƙe muryar mawaƙi ta sa ta riƙa karkarwa kamar ta ƙarfe. Abin ban sha'awa, a nan kwarin Rima aka yi ɗaya daga cikin ayyukan da suka fi nisan zango da ita. A 2008 wani Buzu mai kaɗa jita daga Nijar, Mdou Moctar, ya zo Sakkwato ya ɗauki kundinsa mai suna Anar a irin ɗakunan da ake kiɗan finafinan Hausa. Jitar Buzaye ta gamu da gangar na'ura da muryar nanaye. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga wayar hannu zuwa wayar hannu har Mali, daga can suka kai Turai da Amurka. A 2013 kuma Sahel Sounds ta tattara waƙoƙin finafinan Kano a faifan da ta kira Harafin So. Wanda ya haɗa kiɗan Anar a Sakkwato kuwa, mu da muke kusa ba mu rubuta tarihinsa ba.

Abin Da Ya Shafe Mu

To, ina ruwan marubuci da wannan? Ruwansa babba ne. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Kukan jariri daban da kukar miya, garin Argungu daban da garin tuwo, kuma murya ce kaɗai ke raba su. Kalangu yana iya faɗin wannan bambanci domin makaɗi na matsa tsarkiya ya sassauta yadda magana ta hau ta sauka. A ɗakin na'ura kuwa sau da yawa kiɗa ake fara shiryawa, sa'annan a ce wa mai waƙa ya cusa kalmomi. Nan ne za ka ji an ja gajeren wasali, an danne dogo, an hau inda ya kamata a sauka, har ma'ana ta karye.

Wannan ba laifin inji ba ne, domin Aminu Ala da wasu takwarorinsa sun nuna ana iya hawa fiyano ba tare da an tauye baiti ba. Dattijonmu Alhaji Aƙilu Aliyu, haifaffen Jega, wanda ya rasu a 1999, ya sha ɗaukar karin makaɗan baka ya ɗora rubutacciyar waƙa a kai, amma ba ka jin gaɓa ɗaya ta yi tuntuɓe. Shawarata ga matasanmu masu kai waƙa a kaɗa musu ita ce su fara rubuta baitin, su rera shi da baki har ya zauna, sa'annan su sa mai fiyano ya bi su.

Abu na biyu shi ne adana tarihi. A 2016 UNESCO ta sa bikin kamun kifi na Argungu cikin gadon al'adun duniya, kuma makaɗan masunta suna nan suna kaɗa wa gwanaye takensu a bakin Matan Fada. Su da yaran ɗakunan na'ura na Birnin Kebbi da Jega da Sakkwato duk suna bukatar wanda zai zauna da su da littafi da biro, ya rubuta sunayensu da na iyayen gidansu da irin kayan da suke aiki da su. Mamman Sani ya jira shekara 35 kafin baƙo ya zo daga Amurka ya tono kasetinsa. Allah ya sa namu ba za su jira haka ba, amin.