Marayun Romaniya da Tarihin Binciken Basirar Yaro

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna muhawara a kan abin da ke gina basirar yaro, wato iya lura, da riƙe abu a ka, da fahimtar magana, da warware matsala. Wasu sun jingina al'amarin ga gado, wasu ga reno. Ba a iya raba gardamar da gwaji ba, domin babu mai hankalin da zai hana jariri kulawa don ya ga abin da zai faru. Siyasar wata ƙasa ta gabashin Turai ce ta aikata abin da masana ba za su iya aikatawa ba.

Tun a 1945 wani likita mai suna René Spitz ya bayyana halin jariran da ya gani a wani gidan reno: suna samun abinci da tsabta, amma babu mai ɗaukarsu, sai suka rame, suka daina wasa, da yawa kuma suka mutu. A 1951 John Bowlby na Ingila ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto, inda ya ce shaƙuwar jariri da mai renonsa tana cikin ginshiƙan lafiyar ƙwaƙwalwa. Masu suka suka ce ai wataƙila tun asali yaran da ake kai wa irin waɗannan gidaje raunana ne.

A 1966 Nicolae Ceausescu, shugaban Romaniya, ya fitar da doka mai lamba 770, wadda ta haramta zubar da ciki ga akasarin mata, don yawan jama'a ya ƙaru. Haihuwa ta kusa ninkawa a shekarar da ta biyo baya. Da aka shiga shekarun 1980 gwamnati ta matse jama'a don biyan bashin ƙasashen waje, abinci da wuta suka yi wuya, iyaye matalauta suka riƙa miƙa ƴaƴansu ga hukuma. Lokacin da mulkinsa ya faɗi a Disamban 1989, an tarar da yara fiye da 100,000 a gidajen gwamnati. Ana kiran su marayu, alhali yawancinsu iyayensu suna raye. Jarirai kan wuni kwance cikin gadajen ƙarfe, ma'aikaciya ɗaya ga yara goma ko fiye, babu mai yi musu magana. Hausa ta bambanta ciyarwa da reno, kuma na farkon kaɗai waɗannan yara suka samu, shi ma ba isasshe ba.

Iyalai a Ingila sun ɗauki wasu daga cikinsu riƙo, sai Michael Rutter da abokan aikinsa suka shiga bin rayuwar yara 165, suna kwatanta su da yara 52 haifaffun Ingila da aka ɗauka riƙo tun suna jarirai. Waɗanda suka bar gidajen kafin su cika wata shida sun kamo tsararsu kusan ta kowace fuska. Waɗanda suka daɗe fiye da haka kuwa, da dama sun taso da rashin natsuwa, da wahalar hulɗa da mutane, da wata irin sakewa da baƙo, har yaro ya bi mutumin da bai taɓa gani ba. Sakamakon da aka buga a 2017, lokacin suna da shekara 22 zuwa 25, ya zo da abin mamaki. Ma'aunin basirarsu ya dawo daidai da na sauran, amma rashin natsuwar bai gushe ba, ga damuwa da baƙin ciki da suka kunno kai bayan sun girma, ga yawan rashin aikin yi. Duk da haka, kimanin ɗaya cikin biyar sun tashi ba tare da wata matsala ba.

Tsohuwar sukar tana nan dai: wa ya sani ko masu riƙo sun zaɓi yaran da suka fi lafiya ne? Don amsa wannan, a shekarar 2000 masana uku daga Amurka, Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah, suka fara wani bincike a birnin Bukares. Sun ɗauki yara 136 masu wata 6 zuwa 31, suka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi aka kai su gidajen riƙo da aka horar da masu su, rabi suka ci gaba da zama inda suke. Da suka kai shekara huɗu da rabi, matsakaicin makin basirar ƴan riƙo ya kasance 81, na waɗanda aka bari 73, na yaran gari da suka tashi gaban iyayensu kuwa 109. Waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu su suka fi amfana.

Ɗalibin harshe zai so ya tsaya a kan batun magana. Yaran da aka kai riƙo kafin wata 15 sun koyi harshe kamar tsararsu na gari, waɗanda suka wuce shekara biyu kuwa sun yi jinkiri mai tsanani. Kunnuwansu lafiya lau, kuma suna jin ma'aikata suna hira a tsakaninsu. Abin da suka rasa shi ne wanda zai dube su, ya amsa gwarancinsu, ya jira su mayar.

Raba yara da ƙuri'a abu ne mai nauyi, kuma an soki masanan a kai. Hujjarsu ita ce a lokacin kusan babu tsarin riƙo a Bukares, jami'ai da yawa kuma sun yi imani gidan gwamnati ya fi, sannan ba su hana hukuma fitar da kowane yaro ba. Hujja ce mai ƙarfi, ko da yake ba ta share cewa yara 68 sun biya kuɗin wannan ilimi da watannin ƙuruciyarsu ba. A 2004 Romaniya ta kafa dokar da ta hana ajiye yaron da bai kai shekara biyu ba a gidan marayu, sai fa mai naƙasa mai tsanani.