Kuɗin Goro a Bakin Shuɗin Nilu

Mutanen Turai suna da abin da suke faɗa a kan mutanen Amurka. Sukan ce Ba'amurke mai yawan surutu ne, mai son kuɗi, bai kuwa san kome ba game da ƙasashen da ke ƙetaren tekunsa. Mutanen Amurka su ma ba su yi shiru ba. A wurinsu Bafaranshe mai girman kai ne, Bajamushe ba ya dariya, mutumin Ingila kuma ba a gane cikinsa. Irin wannan magana ita ce Bahaushe yake kira kuɗin goro, wato a ɗauki al'umma ɗungum a yanka mata farashi ɗaya, ba a ware goro mai kyau da wanda sankara ta ci.

To, ko akwai gaskiya a ciki? A shekara ta 2005 mujallar Science ta buga binciken da masana halayyar ɗan Adam suka yi a cikin al'ummai 49. Sun tambayi mutane yadda suke ganin halin ɗan ƙasarsu, sa'an nan suka gwada amsar da halayen ainihin mutanen da aka auna ɗaya ɗaya. A yawancin wurare abin da ake faɗa bai dace da abin da aka auna ba. Mutanen Kanada da na Amurka, alal misali, kowa yana ganin sun bambanta ƙwarai, amma da aka auna sai aka tarar halayensu sun yi kusa da juna.

Awo ya nuna zancen ba shi da ƙarfi, amma bai nuna inda ya samo tushe ba. Wannan sai tarihi. Bahaushe kuwa ba sai ya je Turai neman misali ba, gama danginsa da ke zaune a ƙasar Sudan, a Jazira da garuruwan bakin Shuɗin Nilu irin su Mai Wurno da Sinja da Abu Hujar, sun fi shekara 100 suna ɗauke da irin wannan kaya.

Yadda aka isa can

Tun kafin zuwan Turawa akwai hanyar alhazai wadda ta tashi daga ƙasar Hausa ta bi ta Barno, da Wadai, da Darfur, da Kordofan, ta ƙetare Nilu har Sawakin a bakin Bahar Maliya. Tafiyar ƙafa ce da jaki, takan ci shekaru. Matafiyi yakan tsaya ya yi noma damina ɗaya ko biyu, ya tara guzuri, ya ƙara gaba. Waɗansu suka yi aure a hanya, waɗansu suka mutu, da yawa kuma suka zauna.

Babbar ƙaura ta zo ne a 1903. A watan Fabrairu sojojin Ingila suka ci Kano, a watan Maris suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fita ya nufi gabas, jama'a masu yawa suka bi shi. Aka kashe shi a yaƙin Burmi cikin watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar mutanen, suka isa bakin Shuɗin Nilu wajen 1906, inda daga baya aka kafa garin da har yau yake amsa sunansa, kudu da Sinnar. Daga nan ƙauyuka suka yi ta tsirowa a gaɓar kogin, ana noman bakin ruwa, ana kamun kifi.

Mutanen ƙasar suka kira su Fallata, ko Takari. Kalmar Fallata daga bakin Barebari ta fito, ita ce sunan da suke kiran Fulani. Takari kuwa daga Takrur ne, wata tsohuwar daula a bakin kogin Sanagal. Mai karatu ya lura, tun daga sunan aka fara kuɗin goro. Bahaushe da Bafillace da Babarbare da Bazabarme, waɗanda a gida kowa da harshensa da sarkinsa, a Sudan duk an zuba su cikin buhu ɗaya.

Audugar Jazira

A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira, tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Gwamnati ta kawo ruwa, wani kamfanin Ingila ya riƙe shugabanci har 1950, manoma kuma aka rarraba musu gonaki, kowace ana ce da ita hawasha. Manomi yana samun kashi 40 cikin 100 na ribar auduga. Da aka zo rabo, waɗanda suke da ƙasar tun asali da mutanen ƙauyukansu su aka fara ba.

Auduga kuwa tana son hannu da yawa, musamman lokacin cira. Gida ɗaya ba ya iya gama hawasha shi kaɗai. Ga shi kuma a wannan ƙasa, kafin mulkin Ingila, bayi ne suke yin yawancin aikin gona na masu hali, har ya zama riƙe fartanya don lada abin kunya ne ga ɗan asali. Da bauta ta soma mutuwa sai aka rasa ma'aikata. Alhazan yamma suka cike wannan gurbi tare da mutanen Darfur da Wadai. Suna bukatar kuɗin jirgin ruwa zuwa Jidda, ba su da dangi kusa da za su ji kunyarsu, ba su kuma da gona tasu.

A nan ne zance iri uku ya haihu. Jami'an Ingila suka riƙa yabon Fallata a kan ƙwazo, suna kushe manoman Larabawa da lalaci. Hausawa suka karɓi wannan magana da hannu biyu, gama ta yi musu daɗi. Manoman Larabawa kuma suka ce Bafallate an halicce shi ne don aikin ƙarfi, ba shi da asali, ba shi da wayewa.

Gaskiya nawa ke ciki?

Ba a musun abin da ido ya gani. Wanda ya bi ta Jazira a lokacin cirar auduga zai ga mutanen yamma a sunkuye cikin rana, mai hawasha kuwa sau da yawa yana tsaye yana duba aiki. Kuskuren yana wurin bayanin dalili. Aka ce jini ne, alhali kuwa tsarin rabon gona ne ya sa ɗaya ya zama mai ba da lada, ɗaya mai karɓa.

Tarihi da kansa ya gwada wannan. A farkon shekarun 1930 farashin auduga ya faɗi a duniya, cututtuka kuma suka kama shukar. Manoma da yawa suka bar gonakinsu, hukuma ta ba mutanen yamma waɗansu daga ciki. Wanda aka ce bai iya kome ba sai ƙodago, ga shi ya riƙe hawasha yana lissafi da kamfani. Da kasuwa ta gyaru, ƴan ƙasa suka dawo neman gonaki, ƙofar ta sake ƙuntata. Halin Bahaushe bai sake ba a tsakanin waɗannan shekaru. Farashin auduga ne ya hau ya sauka.

Zancen lalacin mutanen Sudan shi ma bai tsaya da ƙafarsa ba. A 1934, sa'ad da aka buɗe makarantar shari'a a Kano, wadda daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci, daga Sudan aka ɗauko malamanta. Su ne suka horar da alƙalai da malamai masu yawa na Arewa. Mutumin Kano da ya zauna a gabansu bai san Basudane da lalaci ba, ya san shi da ilimi da tsare lokaci. Mutum ɗaya ne, amma wanda ya gan shi a aji da wanda ya gan shi a bakin gona kowa ya koma gida da nasa labari.

Haka yake ga sauran zarge-zargen. An ce Fallata masu sihiri ne. Abin da ya faru shi ne, cikin matafiyan akwai malamai da almajirai da yawa, rubuta laya da rubutun sha kuwa sana'a ce da baƙo yake iya yi ba tare da gona ko jari ba. Masu zuwa neman taimakon da dare su ne masu yaɗa tsoron da rana. An kuma ce suna kawo cuta. Magudanan ruwan Jazira sun zama gidan sauro da ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsargiya. Ma'aikata an zaunar da su ne a sansanonin da ake kira kambo, a gefen magudanan, ba rijiya, ba asibiti. Wanda ya sha ruwan magudana ya yi wanka a ciki dole ya fi kowa ciwo. Sai aka ɗora laifin a kan maras lafiya, aka manta da wanda ya nuna masa wurin zama.

Sa'ad da zance ya zama doka

Zargi mafi nauyi shi ne cewa su baƙi ne masu wucewa. Wannan ma yana da ƙwayar gaskiya. Wani masani mai suna Bawa Yamba, cikin littafin da ya wallafa a 1995, ya nuna cewa a ƙauyukan Jazira har jikokin da aka haifa a Sudan suna kiran kansu alhazai da ke kan hanya. A bakinsu wannan magana ce ta bangaskiya da sa zuciya. A kunnen maƙwabci kuwa ta zama shaida cewa ba su da rabo a ƙasar.

Sudan ta sami ƴancin kai ran 1 ga Janairu, 1956. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce sai wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun daga 31 ga Disamba, 1897. Mutanen Burmi sun iso bayan wannan rana da kamar shekara 9. Saboda haka dattijon da aka haifa a Mai Wurno, wanda bai taɓa ganin Sakkwato ba, yana iya rasa takardar ƙasa. Rashin takarda kuwa yana tare hanyar aikin gwamnati da mallakar gona da karatu mai zurfi. Sa'an nan a juyo a ce, ai ga shi ba su yi karatu ba. Dokar 1994 ta matso da ranar zuwa 1 ga Janairu, 1956, amma doka ta fi saurin sakewa a kan bakin mutane.

Duk da haka mutanen ba su zauna a gefe ba. A'isha Falatiya, wadda aka haifa a Kasala cikin zuriyar mutanen yamma, tana cikin mata na farko da suka yi waƙa a rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940, Sudan duka kuwa ta san muryarta. Naman da ake gasawa da yaji da ƙuli a titunan Kartum, sunansa agashe har yau, kalmar Hausa ce ba a sake ta ba. Ƙasa ta ci abincinsu, ta saurari waƙarsu, tana kuma tambaya ko nata ne.

Abin da ya biyo baya

A watan Yuli na 2022 faɗa ya tashi a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da waɗansu ƙabilun yankin. Hausawa sun nemi a ba su sarauta tasu cikin tsarin mulkin gargajiya. A can kuwa sarauta tana tafiya da ƙasa, don haka maƙwabta suka ga kamar filayensu ake nema. Su ma suna da nasu tsoro na gaske, gama madatsar Rusairis da manyan gonakin injuna da shekarun yaƙi sun riga sun rage musu ƙasa. Tsohon zancen baƙunta ya dawo, wannan karo ta Facebook da wayar hannu. Hukumomi sun ƙidaya fiye da mutum 100 da suka mutu a Yuli, da wajen 200 kuma a yankin Wad al-Mahi cikin Oktoba. Dubban iyalai suka bar gidajensu.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya ƙara nuna haɗarin. A Janairun 2025, lokacin da sojoji suka sake karɓar Wad Madani, an kai hari a kan waɗansu mazauna kambo na Jazira, ana zarginsu a dunƙule da goyon bayan ɗaya ɓangaren. Ba a tsaya tambayar abin da kowane mutum ya yi ba. Wurin zamansa da asalinsa sun isa hukunci.

Darasin

Amsar tambayar farko ke nan. Abin da al'umma take faɗa a kan wata yakan fara ne daga wani abu da aka gani da ido, a wani wuri, a wani zamani. Baturen da ya ce Amurkawa masu kuɗi ne da surutu, yawancin waɗanda ya gani sojoji ne na bayan yaƙin 1945 da masu yawon buɗe ido, ba manomin karkara ko ma'aikacin masaƙa ba. Balaraben Jazira ya ga Bahaushe ɗan ƙodago, bai ga attajirin kasuwar Kurmi ko alƙalin Zariya ba. Daga nan sai a mai da sana'a ta zama jini, a manta da dalilin, a bar wa jikoki maganar kamar gado.

Tsakanin Amurka da Turai abin yakan ƙare a ba'a da dariya, domin kowa yana da ƙasarsa da fasfonsa. Inda ɗaya yake riƙe da gona da takarda, ɗaya kuwa ba shi da su, maganar takan ƙare a kabari. Saboda haka duk wanda ya ji an ce mutanen kaza haka suke, ya kamata ya yi tambaya uku: su wa aka gani, wane hali ya sa su a wurin, wa kuma zai ci riba idan aka gaskata? Ya yi waɗannan tambayoyi ko da maganar yabon ƙabilarsa ce, gama Bahaushen Jazira da ya ji daɗin a ce maƙwabcinsa malalaci ne, da ma'auni ɗaya aka auna masa nasa.