Ingilishi da Maƙwabtansu Mutanen Ailan

A kasuwar Dutsin-Ma ko ta Kurfi, in ka nemi dankalin Turawa, wani mai sayarwa ya kan ce, "Airish ka ke so?" Galibi ba su san sunan wata al'umma su ke kira ba. Airish su ne mutanen Ailan, wani tsibiri da ke yamma da Ingila, 'yar teku ta raba su. Sa'ad da Turawa suka shigo ƙasar Katsina a 1903, kakanninmu na Birchi duk wanda suka gani da jar fata sai su ce Nasara. Ba su san cikin Turawan nan akwai masu mulki, akwai kuma waɗanda a ke mulka ba.

Asalin maganar ya daɗe. A 1171 Sarkin Ingila, Henri na Biyu, ya ƙetara da mayaƙa, sarakunan Ailan suka yi masa mubaya'a. Ingilishin da suka zauna can sai suka soma narkewa cikin mutanen ƙasa, har a 1366 aka kafa doka a garin Kilkeni, aka hana su auren Airish, da yin harshensu, da sa irin tufafinsu. Mu da muka ga yadda Filanin birni suka bar Fillanci suka kama Hausa, mun san abin da a ke tsoro. Daga baya addini ya ƙara wa wutar itace, don Ingila ta bar bin Paparoma, Airish kuwa suka tsaya kan Katolika. Daga 1609 aka ƙwace gonakin arewacin tsibirin, aka ba baƙi daga Ingila da Sikotlan.

A 1801 aka haɗa ƙasashen biyu ƙarƙashin majalisa ɗaya a Landan. A takarda sun zama gida ɗaya, amma Bakatolike bai sami ikon zama cikin majalisar nan ba sai 1829. Jaridun Landan, musamman wata mai suna Punch, su kan zana mutumin Ailan da fuskar biri, ga kwalba, ga kulki. A kan ce da su ragwaye, mafaɗata, marasa iya riƙon kansu. Ku lura da kalmomin nan, samari, don su ne aka kwaso daga baya aka ɗora wa baƙar fata.

Ranar gwaji ta zo a 1845. Mutanen Ailan a lokacin sun fi miliyan 8. Talakawansu a gonakin haya su ke, hatsin da suka noma ya tafi wajen biyan mai gona, su kuwa dankali kaɗai ne cimarsu, safe da dare. Sai wata cuta ta faɗa wa dankalin, ya riƙa ruɓewa, shekara bayan shekara. Wanda ya ji tsofaffi na ba da labarin Kakalaba, yunwar 1914, ya san abin da ya biyo baya. Abin takaici, mutane na mutuwa bakin hanya, jirage na fita da hatsi da shanu zuwa Ingila. Charles Trevelyan, babban ma'aikacin Baitulmali da aka danƙa wa aikin taimako, ra'ayinsa shi ne kada gwamnati ta dagula kasuwa. Kafin 1852 wajen mutum miliyan ɗaya sun mutu, kamarsu kuma sun yi ƙaura, yawanci zuwa Amurka. A ganina, da yunwar nan kusa da Landan ta faɗa, da ba a tsaya lissafin kasuwa ba.

Duk da haka, in an buga tambarin yaƙi sai a tuna 'yan gida ne. Wajen 1830 fiye da sulusin sojan Biritaniya Airish ne. Wellington, wanda ya ci Napoleon a 1815, a Dublin aka haife shi. Mu ma a nan mun ga nasu. Joyce Cary, haifaffen garin Derry a 1888, daga zuriyar baƙin nan masu gonaki, ya yi Di'o a Borgu. Da yawa daga limaman Katolika da suka buɗe makarantu a Kaduna da Jos daga Ailan suka zo. Amma wanda labarinsa ya fi ban mamaki shi ne Roger Casement. Ya yi wa gwamnatin Ingila aiki a Kalaba, ya tona zaluncin da a ke yi wa mutanen Kongo a 1904, Sarki ya ba shi sarautar Sir a 1911. Zaluncin da ya gani a Afirka ya sa ya waiwayi gida. Ya nemo makamai a Jamus don tawayen Dublin na 1916, aka kama shi, aka rataye shi a Landan cikin watan Agusta na shekarar nan.

Bayan yaƙin neman 'yanci, a 1922 gundumomi 26 cikin 32 suka sami mulkin kai, shida na arewa suka zauna da Ingila, inda rikici ya ci rayuka fiye da 3,500 kafin sulhun 1998. A 1949 Ailan ta zama jamhuriya, ta yanke igiyar da ta rage tsakaninta da Sarki. A shekarar ce majalisar Landan ta kafa doka cewa ba za a lissafa Airish cikin baƙi ba, su zauna Ingila, su yi aiki, su jefa ƙuri'a. Dubbai suka ƙetaro aikin gini da jinya, masu gidajen haya da dama kuwa suka hana su ɗaki, kamar yadda suka hana baƙar fata.